Kwaɗon Banɗaki

"Sau huɗu ke nan tun safe," in ji mai shagon ɗinkin, yana kaɗa wa wata ma'aikaciyarsa makullin banɗaki. "Ba likita ya ce gwajinki lafiya lau ba?"

Sauran teloli suka tuntsire da dariya. Hanjinta ya sake murɗawa kamar ana matse wanki. Shekara uku ke nan, yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure, kullum kuma sai ta roƙi makulli a bainar jama'a.

"Gwaji bai gani ba, ni nake ji!" ta daka masa tsawa.

Ta sunkuci dutsen guga ta maka wa kwaɗon ƙofar banɗakin, ya faɗi ƙasa, ta shige.

Da ta fito, sai ga masu dariyar nan sun yi layi a ƙofar, su ma a matse suke, kowa kansa a sunkuye.