Mai Riƙon Igiyar Rijiya

Tasi'u, ƙanena, na karanta takardar sallamarka daga soja har sau biyu. Abin da aka rubuta a ciki shi ne rashin ƙwazo: ana barinka a baya wajen gudu, kuma sau da yawa ba a same ka a inda aka tsayar da kai ba. Na kuma ga wasiƙun da ka tara daga dagaci da tsohon shugaban makarantarku, don ka haɗa da roƙonka na a ba ka damar komawa. Kafin ka kai su, ajiye su nan kan tabarma ka saurari wani misali.

An yi wani mutum a cikin ƙungiyar masu haƙar rijiya. Aikinsa riƙon igiya. Shi ke zura mai haƙa, shi ke jawo bokitin ƙasa, shi ke fito da mutum idan numfashi ya fara yi masa wuya a can ƙasa. Ba mugu ba ne, sai dai hannunsa sakwa-sakwa yake, kuma kunnensa ya fi zama wajen hirar masu wucewa. Wata rana rijiya ta kai gaba goma sha biyu, na ciki ya girgiza igiya alamar a jawo bokiti, shi kuwa yana can yana tayin wani rago da aka zo wucewa da shi. Da ya farga ya fizgo a gaggauce, ƙullin ya kwance, bokiti cike da jiƙaƙƙen yumɓu ya koma ya sauka a kafaɗar mai haƙa. Allah ya kiyaye, bai same shi a ka ba. Da aka fito da mai raunin, maigidan ƙungiyar ya karɓe igiyar daga hannun mutumin nan, ya sallame shi. Bayan mako guda mutumin ya tura kawunsa da goro. Bayan wata guda ya tura mai unguwa, daga baya har liman. Duk wanda ya zo, maigidan ya shimfiɗa masa buzu, ya karɓi goro, ya ce ya yafe. Amma bai mayar da igiya ba. Da liman ya matsa, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban riƙe shi a zuci ba. Sai dai in na zura ɗan wani gaba goma sha biyu, ba goron nan zai fito mini da shi ba."

Da maganar ta koma kunnen mutumin, sai ya daina aike. Ya je da ƙafarsa ya tambayi maigidan inda ya gaza, aka gaya masa ba tare da sakayawa ba: hannu, ƙulli, da kunne. Daga nan ya nufi wata tsohuwar rijiya mai zurfi a bayan gari inda makiyaya ke shayar da shanu, ya roƙa a bar shi ya riƙa ja musu guga. Tun hantsi har la'asar yana ja. Makon farko tafinsa ya yi bororo ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Duk guga sai ya kwance ya sake ɗaurawa da kansa, har ya zamana yana ƙulli idonsa a rufe. Abokan aikinsa na dā in sun zo wucewa sukan ɗaga murya su ce, "Sannu da aiki, sarkin ruwan shanu!" Ba ya waiwayawa, don ya riga ya koya wa kunnensa zama cikin rijiya. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya kama. Sannan ya koma wurin maigidan, shi kaɗai, babu goro, babu ɗan rakiya. Maigidan ya kama hannuwansa ya juya, ya ga tafin ya yi kanta kamar ƙasan ƙafa. Ya jefa masa igiya ya ce ya ɗaura bokiti, sannan ya sa ƙarti biyu suka ja iya ƙarfinsu, ƙulli bai motsa ba. Duk da haka kwana tara ƙasa kawai aka bar shi yana jawowa, ba a ba shi mutum ba. A rana ta goma, ana dab da cim ma ruwa, maigidan ya tuɓe rigarsa, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya zauna a bakin rijiya ƙafafunsa na reto. Ya dubi mutumin ya ce, "To, zura ni."

Tasi'u, waɗanda za su duba roƙonka su ma wani za su zura su ba ka igiya. Wasiƙar dagaci za ta ce kai ɗan mutunci ne, kuma gaskiya ne, amma ba a kan mutunci aka sallame ka ba. Gobe da asuba ka ɗaura takalminka ka kama hanyar gonar Baba da gudu, ni zan riƙe agogo in riƙa rubuta maka lokacin. Ka koma gadin makarantar nan da ka raina, ka tsaya inda aka tsayar da kai har a zo a canje ka. Idan shekara ta zagayo, ka rubuta roƙonka, ka amsa gazawarka da bakinka, ka nemi a gwada ka. Ba ni da shakka za ka tsaya a gabansu da abin da za su duba da idonsu. Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.