Ɗalibin Bencin Baya

Bencin na 'yan aji uku ne, tumbin kuwa na mai shekara hamsin da takwas. Da ƙyar ya cusa kansa, gwiwoyinsa suka tokare tebur. Ya ɗora ƙaton littafin kasafin kuɗin gwamnati a gabansa, ya gyara takunkumin da ya rufe hanci da baki. Ya shirya cewa mura yake yi idan an tambaya, amma ba wanda ya ko kalle shi.

Duk Asabar wata malamar lissafi da ta yi ritaya takan ari wannan aji a firamaren unguwa, ta warware wa mutane kasafi kyauta. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai matan kasuwa huɗu. Shi matarsa ce ta turo shi. Ta tambaye shi bambancin kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, ya zuba mata bayani na minti goma, ta dube shi ta ce, "Maigida, kai kanka ba ka gane abin da ka faɗa ba." Kwana biyu yana fushi, don gaskiya ta faɗa.

Ba son ilimi ne ya kawo shi ba, tsoro ne. A ma'aikatarsu an fito da sabon tsari: ranar Litinin za a buɗe wa jama'a zauren taro, duk ma'aikacin da aka nuna ya amsa tambaya da bakinsa, ba takarda, ba mai raɗa masa a kunne. Wanda ya yi inda-inda ya nemi wata sana'ar. Shi kuma shekara goma sha ɗaya yana ciyar da iyali da gyaɗa kai a taro da cewa "za a duba". Cikin shafi ɗari shida na littafin nan, biyu kawai ya sani, na farko da na ƙarshe.

Malama ba ta da wata dabara sai jan biro. Duk doguwar kalma ta soke ta, sannan ta yi tambaya uku: nawa ne, na mene ne, ina yake?

Ana cikin haka ruwa ya sauko. Tela ya miƙe ba tare da an ce masa ba, ya tura bokiti ƙarƙashin inda rufi ke yoyo.

"Madalla," in ji Malama. "Ga darasin yau ya zo da kansa. Ku nemo mini rufin nan a cikin littafi. Baba na baya, kai za ka fara."

Ya buɗe nan, ya rufe can, ya lashi yatsa ta ƙarƙashin takunkumi, ya ma cire tabarau ya goge, wai ko laifin tabarau ne. Ya taɓa zama a ɗakunan taro masu sanyi da kujeru masu juyawa, bai taɓa jin kunya irin ta wannan benci ba. Tela ne ya tausaya masa, ya miƙo hannu ya buɗe masa shafi na ɗari huɗu da sha biyu.

"Ga shi nan, Baba. Ba sa rubuta rufi. Ƙarfafa nagartar muhallin koyo suke cewa."

Ya soke kalmomin kamar yadda aka koya masa. Nawa ne? Ga adadi. Na mene ne? Rufi. Ina yake? Ya ɗaga kai, ɗigon ruwa ya faɗa bokiti. Malama ta ajiye masa littafin bara da na bara waccan, layin nan yana nan daram, kuɗin ne kawai ke ƙaruwa.

"Wanda ya haɗa littafin nan," in ji ta, "ko dai ɓarawo ne, ko kuma bai san abin da ke ciki ba. Ni ban san wanne ya fi muni ba."

Aji ya kwashe da dariya. Ya taya su kaɗan, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da soke kalmomi.

Abin mamaki, kansa ya fara ɗauka. Kafin a tashi ya gano rijiyar burtsatse da aka biya kuɗinta sau biyu, ya gano motoci tara ɓoye a ƙarƙashin "sauƙaƙa zirga-zirgar aiki". Har ya yi wa wata 'yar kasuwa bayanin giɓin kasafi cikin jimla biyu, ta ce ta gane. Daɗi ya kama shi kamar yaron da ya iya ɗaura igiyar takalmi. Bari Litinin ta zo, ya shirya mata.

A bakin ƙofa Malama ta miƙa masa rajistar mahalarta. Tun a gida ya tanadi sunan ƙarya, amma murna ta mantar da shi, hannu ya yi abin da ya saba yi sau arba'in a rana.

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta zare littafin daga hammatarsa, ta buɗe, ta jera su gefe da gefe.

"Ranar Litinin a layin gaba zan zauna," ta ce a hankali. "Da rufin nan zan fara."

Sa hannun da ya yi a rajistar bai bambanta ko da ɗigo ba da wanda ke ƙasan shafin farko, a saman kalmomin Babban Daraktan Kasafin Kuɗi.