Takardar da Doña Chona ta Dangwala

Kwana biyu a jere baƙon yana zuwa gaban gidan su Nicanor, ya ɗauki hoton ƙofa, ya ɗaga hannu kamar zai ƙwanƙwasa, ya fasa ya juya. A rana ta uku Nicanor ya ƙi fita da kwalekwalensa. Ya zauna a bakin tafki yana jira, itacen tuƙi a kan cinyarsa.

Ai ya san wasan. Tun da aka sakar wa baƙi ƙofa, su shigo ba biza, in wata uku ya cika su leƙa iyakar Mexico su dawo, ƙauyen ya daina zama na masu shi. Inda mata ke wanki yanzu Turawa ke shanya jiki rabi tsirara, an kafa allo an hana 'yan gari shiga. Kuma kullum hanyar ɗaya ce. Baƙo zai zo ya ɗauki hoto, bayan wata guda lauya ya iso da takarda mai hatimi, a ƙasanta ga dangwalen wani tsohon da bai san ko bihim ba a karatu. Haka aka yi wa maƙwabcinsu Don Lencho, wanda yau yake sharar otal ɗin da aka gina a kan gonarsa ta masara.

Duk layinsu, gidan Doña Chona, mahaifiyar Nicanor, shi kaɗai ya rage a bakin ruwa. Ta rantse ba mai fitar da ita sai a akwatin gawa. Ba ta da mai tsaya mata sai Nicanor, don shi kaɗai ta haifa ya rayu.

Baƙon ma wani iri ne. Gajere, fatarsa irin ta mutanen tafki, amma sutura ta Turawa, bakinsa kuwa ba Sifaniyanci ba yaren gari. Nicanor ya ce a ransa waɗannan sun fi mugunta, kamfani ne ke zaɓo mai kama da kai don ka saki jiki.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka, sai ga shi. Wannan karon ya ƙwanƙwasa. Doña Chona ta fito, hannunta duk ƙullun masara. Baƙon ya cire hula, ya zaro wata tsohuwar takarda daga cikin leda ya miƙa mata. Nicanor ya riga ya iso bayansa. Ta saman kafaɗa ya hango hatimi, ya hango cikakken sunan mahaifiyarsa, ya hango dangwale a ƙasa. Bai tsaya ganin saura ba.

Dukan farko da itacen tuƙi a kafaɗar baƙon ya sauka, sai da ƙashi ya ce ƙas. Na biyu a baki. Don Lencho ya yar da tsintsiya ya ruga coci ya dinga buga ƙararrawa da sauri-sauri, bugun da kowa a ƙauyen ya san na kama ɓarawo ne. Kan ka ce me kasuwa ta watse. Mata suka zo da itacen girki, maza da adduna. Aka ja shi a kan duwatsun titi har dandali, jini na bin sawu. Baƙin da ke shan kofi a barandar otal suka miƙe, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ba wanda ya sauko.

Abin haushi, mutumin bai ko kare kansa ba. Takardar ya ƙanƙame a ƙirji, yana ta kiran “mamá, mamá” da fasasshen baki.

“Ji shi, ƙato da kai kana kiran uwa,” in ji Don Lencho, ya ƙara masa ƙafa a ciki. “Tana ina ranar da kuka cinye gonata?”

Doña Chona ta biyo su tana haki, tana roƙo a bar shi haka, ita dai ba ta sayar wa kowa gida ba. Nicanor ya ce ta koma ciki, ai Don Lencho ma haka ya ce. Baƙin cikin shekara goma ya taso masa, ya ɗaga itacen tuƙi da hannu biyu ya sauke a ƙeya. Wani ya kawo galan ɗin fetur, amma ba a buɗe ba, don mutumin ya riga ya daina motsi.

Sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin a ciro takardar. Nicanor ya miƙa wa Seño Elvira, shugabar makarantar firamare, ya ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji yadda aka so sayar da su.

Ta fara, leɓɓanta suka tsaya a layi na biyu. Ta juya ta tambayi Doña Chona ko ta taɓa dangwala yatsa a wata takarda.

Doña Chona ta ce sau ɗaya tak, shekara talatin da huɗu da suka wuce, a wani asibiti a birni. Ranar da ta yi haihuwar fari ce. Ma'aikaciya ta ce mata jaririn ya rasu, ta dangwala nan su binne mata shi, kada ta wahala da ɗaukar gawa a mota.

“Ba ta binnewa ba ce, Nana Chona,” in ji malamar. “Takardar ba da jariri ce ga wasu mata da miji 'yan Beljiyam, da ransa da lafiyarsa.” Ta dubi gawar, ta dubi mai itacen tuƙi. “Nicanor, yayanka ka kashe.”