Abin da Agogon Nas Ke Ƙirgawa

"Ɗari takwas," in ji Nas. Ta leƙa agogonta, ta ja hannun riga ta rufe shi.

Malama ta ciji leɓe. Filin makaranta kawai suka zagaya, tafiyar ma irin ta masu zaɓen yadi a kasuwa, ana yi ana tsayawa ana dariya. Ita da ke koyar da lissafi ta san ko a guje suka yi, jiki ba zai ƙona kalori ɗari takwas a wannan ɗan zagayen ba. Kuma duk abin da ke da ma'auni, ba ta iya jure a yi masa ƙarya.

Amma ta yi shiru, kamar jiya.

Nas da Tela ƙawayenta ne tun suna 'yan mata. Bayan rasuwar mijinta masu zuwa gaisuwa suka yi ta raguwa har ƙafa ta ɗauke, sai su biyun suka rage. Da farko kwanukan abinci suke kawo mata, ita kuma ta miƙa wa yaran maƙwabta. Daga baya Nas ta ja ta gefe ta ce likita ya gargaɗi Tela, ƙiba ta fara taɓa mata zuciya, kuma ba za ta fita motsa jiki ba sai da 'yan rakiya. Don Tela ne Malama ta nemo takalmi. Da don kanta ne, babu mai tashinta daga kujerar bakin taga, inda marigayin yake zama yana karanta mata jarida da muryar tsokana.

Matsalar ita ce abin da ke biyo bayan tafiyar. Kullum a shagon Tela suke ƙarewa. Za ta ture almakashi da alli daga teburin yanka, ta jera burodi da bota, soyayyen ƙwai, shayi mai kauri da madara. Tana cewa abin da aka ƙona dole a mayar, jiki ma yana da hakki. Sai ta cika farantinta taf, Nas tana kallo tana gyaɗa kai.

Wannan ne ya fi ci wa Malama rai. Ma'aikaciyar asibiti, wadda ta kawo gargaɗin da bakinta, ita ce kuma ke karanto lambobin banza.

Da bakinta ya kasa, sai hannunta ya samo dabara. Takan jawo farantin Tela ta ce bari ta ɗanɗana, ta yi ta ɗanɗanawa. Duk lomar da ta haɗiye, loma ce da ba ta kai ga zuciyar ƙawarta ba. Tela takan kira ta ɓarauniyar ƙwai, ta tashi ta ɗauko tef ɗin awo ta zagaya mata ƙugu, wai za ta ɗinka mata riga. Rigar dai har yau ba a yanka ta ba.

Zama ya gagari Malama. A aji ta rubuta lamba a allo ta goge, ta sake rubuta ta. A gida tana safa da marwa tsakanin ɗaki da kicin, ta wanke kofi biyu alhali ɗaya aka sha. Tana ta shirya maganar a ranta. In ta faɗa, Tela mai saurin fushi ce, za ta ga an kira ta maƙaryaciya mai haɗama, ta fasa tafiyar, bugun ƙofar da suke yi mata da safe ya ɗauke. In ta yi shiru, wata rana za a sake kiranta asibiti, ta sake tsayawa a doguwar barandar da ta tsaya ranar da mijinta ya rasu. Tana tunanin tana murza zoben aurenta. Zaren da ta naɗa masa don kada ya zame ya fara matse mata yatsa, ta sa reza ta tsinke shi da haushi.

Ran nan yayyafi ya kore su tun ba su kai rabin filin ba. Suna shiga shagon Nas ta leƙa hannunta ta ce dubu ɗaya, wai tafiya cikin sanyi ta fi ƙona jiki. Tela ta ce ai kuwa yau sai an ƙara ƙwai.

Malama ta jawo farantin ta cinye tas. Da ta ga Tela ta miƙe za ta ƙaro, sai abin ya ƙwace mata.

"Ki ji tsoron Allah, Nas. Kashe ta za ki yi da wannan agogon. Mu gani."

Ta cafke wuyan hannun ta zuge rigar.

Fuskar agogon baƙa ce wuluk, da tsagewa daga gefe zuwa gefe. Ta danna maɓallin, ta sake dannawa. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

Nas ba ta janye hannunta ba. Ta ce tun bara ya faɗa cikin bokitin wanki.

"To likitan fa?"

"Ni lafiyata lau, ƙawata," in ji Tela. "Ƙibar nan gadon gidanmu ce."

Ta zaro tef ɗin daga wuyanta, ta zagaya ƙugun Malama a hankali, ta riƙe wurin da babban yatsa ta nuna wa Nas. Idonta ya ciko. Ta ce yanzu kam za a iya yanka rigar.

Nas ta tura wa Malama kofin shayi gabanta.

"Mun yi ta roƙonki ki ci don kanki, kin ƙi," ta ce. "Mun san don wani za ki ci."