Sa Hannun Mai Unguwa

Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS ake raɗe-raɗin za a kori marasa takarda, shi ya sa Ja'afaru ɗan Maraɗi yake neman shaidar zamansa a Gazara. Budurwarsa Mukarrama, 'yar mai unguwa, ta same shi a gonar rake da takardar a hannunta.

"Baba ya sa hannu," ta ce. "Amma ya ce in ka karɓa, ka bar maganar aurena har abada."

Ta ƙura masa ido, tana jira ya ce ta mayar.

Ja'afaru ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya duba hatimin sau biyu.

"Ki yi wa Baba godiya, ƙanwata," ya ce, ya koma saran rakensa.