Gilashi Mai Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Auta ta fashe da kuka da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Laraba, tana zaune gaban madubin gwaji na duba ƙwayoyin jini. Dutse ya dubi agogon bango, ya ciro ɗan littafinsa daga aljihun farar riga, ya rubuta lokacin. Tun da aka rage ma'aikatan ɗakin gwajin jini daga goma sha ɗaya zuwa shida, wannan ne kuka na tara, kuma huɗu daga ciki nata ne.

Abokan aiki ne suka raɗa masa Dutse, domin shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa ganin hawayensa. A da yabo ne. Yanzu kuwa ya lura duk wanda ya yi kuka shi ake ja ofis, a ba shi kujera mai laushi da ruwan sanyi, a tambaye shi lafiyar iyali. Shi da ke ɗauke da aikin mutum biyu, har sai ya huta a tsakiyar matakala kafin ya ƙarasa hawa bene da safe, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Shugabar sashe ta fito da sauri. Auta ta raɗa mata wani abu a kunne, ta sunkuya ta leƙa madubin da kanta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta miƙe sai ta ce, "Kada kowa ya taɓa gilashin nan." Ta kama hannun Auta suka shige ofis, aka rufe ƙofa.

Ƙarshen wata za a naɗa mataimakin shugaba, kuma Dutse da Auta ne kawai suka nema. Shi ya koya wa Auta yadda ake shafa ɗigon jini a kan gilashi, shekara shida da suka wuce, lokacin hannunta na rawa. Har gobe hannun bai gama zama ba: ranar Litinin da aka yi gwajin ma'aikata na shekara ita aka sa ɗibar jini, ga tabon nan a gwiwar hannunsa ya yi baƙi, ya ƙi bajewa. Amma ita aka miƙa wa rajista a watan jiya. A ɗakin nan da lamba ake aiki, ba da suna ba. Mai riƙe da rajista kaɗai ya san jinin wa ake dubawa. Shekara goma sha ɗaya amanar tana hannunsa.

"Yau ma an shiga ɗakin lallashi," in ji shi, yana goge tabarau.

Dogo, mai kula da injin ƙidaya, ya ce, "Kai ma ka gwada mana, Yaya. Ko ɗigo biyu ka matso, ka ga yadda za a yi ta kaf-kaf da kai."

"Ni aiki aka ɗauke ni, ba zaman makoki ba."

Minti goma suka wuce, sannan ashirin. Ta tagar ofis ya hango Shugaba tana waya a tsaye, ɗaya hannun a kafaɗar Auta. Ta ajiye, ta sake kiran wani. Dutse ya san ba a kiran manya sau biyu saboda hawaye kawai. Magana ake gyarawa, kuma maganar kujera ce. Ya kasa mai da hankali kan aikin da ke gabansa.

Ya tashi ya zauna a kujerar Auta.

"An ce fa kada a taɓa," in ji Dogo.

"Ban taɓa ba. Dubawa nake."

Lamba ɗari huɗu da sha bakwai. Ya daidaita madubin, kuma cikin numfashi uku ya ga abin da ya karya ta. Fararen ƙwayoyin jini sun cika fili, manya, ɗanyu, waɗanda ba su da hurumin fitowa daga ɓargo. Ƙwayoyin tsayar da jini kuwa sai ka nema kafin ka ga ɗaya. Sankarar jini ce mai saurin tafiya. Ya taɓa ganin irinta sau goma sha huɗu, bai taɓa kuskuren kiranta ba.

Ya ƙirga ƙwaya ɗari biyu a natse, ya cike takardar sakamako da rubutunsa mai tsabta. A ƙasa ya ƙara da cewa a kwantar da mai jinin yau, kada a kai gobe. Ya sa hannu, ya rubuta lokaci. Minti bakwai. Rabonsa da jin daɗi irin wannan ya kai wata guda.

Bai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya ajiye takardar a kan tebur, daidai gaban Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ga abin da ya gagara. Mai jinin nan ba shi da lokacin jiran mu share hawaye. Idan za a zaɓi mataimaki, a duba wanda ke iya kallon irin wannan ya tsaya da ƙafarsa."

Shugaba ta karanta takardar har ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zagayo da kanta, ta jawo kujerar nan mai laushi, ta tsiyaya ruwan sanyi a kofi ta miƙa masa da hannu biyu.

"Zauna," in ji ta a hankali. "Akwai wanda za mu kira maka a gida?"

Ya zauna, ya dubi Auta don ya ga yadda fuskar wadda aka kayar take. Ita kuwa gwiwar hannunsa take kallo.

"Yaya," in ji ta, "ɗari huɗu da sha bakwai naka ne."