Kainuwar Maƙwabci

Ke da kike cewa kin gaji da gyaran abin da ba ya gyaruwa, matso ki ji wannan.

An yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata kududdufin kifi a bayan gari, a gindin wata gangara. Ba wani babba ba ne, amma da shi take rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa kai kwano gidan dangin miji ba. Tarwaɗa da karfasa ne a ciki. Shekarar da ta fita takaba sai kainuwa ta ɓullo, 'yan ganye ƙalilan suna yawo a bakin ruwa kamar ba komai. Kafin damina ta raba ta shimfiɗe ruwan kaf, kore shar, har kaza ma sai ta yi sha'awar takawa. Ruwan ya yi baƙi ya fara wari, kifi na tasowa suna haki, wasu su juya ciki sama. Matar nan ta ɗaura ƙugiya a bakin doguwar gora, kullum da sassafe tana janyowa tana tulawa a tudu, har tafin hannunta ya yi kanta. Ta share tas. Aka yi ruwan sama, gari na wayewa ga kainuwa ta dawo. Ta sake sharewa, ta sake dawowa. Akwai kuwa wani tsoho, abokin marigayi, mai nasa kududdufin a saman gangarar, wanda ya daɗe yana son ya saye nata da araha. In ya zo wucewa ya same ta tana fama sai ya ce, "Matar abokina, ruwa ba aikin mace ba ne, ki sallama mini ki huta." Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi, sai dai ta ce, "Malam, a gaida gida."

Ran nan bayan an ɗauke ruwa sai ta jingine gorar, ta bi ɗan kwarin da ruwa ke gangarowa cikin kududdufinta. Ga kainuwa nan maƙale jikin ciyawa ɗaya bayan ɗaya, kamar sawun ɓarawo. Ta yi ta bi, sawun bai tsaya ko'ina ba sai kududdufin tsohon nan. Ashe tun da gwiwa ta kama shi ya bar wurin, kainuwa ta cika shi har tana hawa kan juna, in ya tumbatsa sai ya amayo mata. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana tunani. Ƙara dai ba ta kaiwa, don ba a shari'a da ruwan sama. Roƙo kuma ba ta iya ba, ko a wurin mijinta ba ta yi ba. Sai ta je ta same shi a zaure ta ce, "Malam, ciniki na zo. Zan kwashe maka ciyawar nan, amma duk abin da na kwasa nawa ne, kuma in kifi ya dawo kashi ɗaya cikin uku na kamun farko nawa ne." Ya yi dariya har da tari, ya ce ai ciyawa kyauta ce, kifin da babu shi kuma ya ba ta ɗaya cikin biyar. Ta miƙe ta kakkaɓe zani ta nufi ƙofa. Sai da ta sa takalmi ɗaya sannan ya kira ta, aka tsaya a kan ukun da ta faɗa.

Da rani ya shigo ruwa ya ja baya, ta kwashe nasa, ta kwashe nata, ta tula kainuwar nesa da gaɓa inda ruwa ba zai mayar da ita ba. Ta kafa zana a bakin kwarin don ta tare mai zuwa. Bado kaɗai ta bari a kusurwa guda, ƙananan kifi su sami inuwa da wurin ɓuya daga zalɓe. Matan gari suka yi ta yi da ita a bakin rijiya, wai duk girman kanta ga ta tana yi wa mai neman raba ta da gadonta bauta. 

Damina ta dawo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta fito da safe ta tarar da kududdufinta garau, tarwaɗa na kaɗa wutsiya. Tulin kainuwar nan ya ruɓe ya zama taki, ta zuba a ɗan lambun da ta yi a gefe, albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu. Tsoho ya aiko da kasonta a kwando, ta juye ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da ƙanana ya sauya. Bai ƙara yi mata zancen saye ba, sai dai in ya wuce ya tambaye ta yaya ruwa, ta ce ruwa lafiya lau.

To kin ji. Masu magana sun yi gaskiya: don tuwon gobe ake wanke tukunya.